Kwana Arba'in Ɗin da Muka Ƙirga wa Inna

Ranar Talata, ƙarfe goma na safe, mu uku ne a gaban likitan ƙashi a birnin Madani: ni da Inna da yayana. Likita ya ɗaga hoton ƙugunta ga hasken taga. Ƙarfen da aka sa mata shekara shida baya ya goce daga mazauninsa. Wata huɗu ke nan ba ta taka ƙasa ba, har a kan angarib, gadonta na igiya, muka kai ta bakin mota daga ƙauyenmu na kusa da Abu Hujar.

"Hajja, a kan me kike zama?" in ji likita.

"Banbar mana, ɗana. Wa ya taɓa yin kisra tsaye?"

Banbar 'yar kujera ce da ba ta wuce taƙi ɗaya daga ƙasa ba, a kanta take toya kisra, siririn burodin dawa da muke ci kullum. Tun aikin farko an hana ta zama a kai, kuma mun ji. Sai dai mun ɗauka dokar irin ta mai jego ce. Muka ƙirga kwana arba'in cif, aka sha shayi, aka mayar mata da kujerarta gaban murhu. Da na faɗa masa haka, likita ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Zan canza shi," ya ce. "Amma ƙashin ba zai ɗauki na uku ba."

Zan canza shi! Ni dai iyakar abin da kunnena ya riƙe ke nan. Kafin mu fita ƙofa na buga wa gida waya, guɗar ƙannen Inna ta cikin wayar ta cika barandar asibiti.

Yayana bai jira ranar tiyata ba. Ya koma ƙauye ya gina murhun laka mai kaiwa cibiya, ya sa kafinta ya ƙara wa angarib tsawon ƙafafu. Maƙwabta suka riƙa leƙe ta katanga suna cewa, "Mabruk, barka, Hajja za ta buɗe gidan burodi!"

Aikin ya ci awa huɗu. Kwana biyu bayansa aka miƙar da ita, ta kama ƙarfen tafiya, ta yi taku uku. Na huɗun ta tsaya ta harare ni.

"Ke, kauce mini a hanya, ko ke aka yi wa?"

Cikin wata na uku ta je suna a unguwar gabas da ƙafarta, da sanda ɗaya, ta dawo kafin la'asar.