Yaya Sueko a Bakin Ƙofar Sansani

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, da hantsi, Yaya Sueko Nakandakari ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, da ƙunshin kifi da awara a hannunta. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Ina zaune cikin tasi ɗina ina jiran fasinja 'yarta Chikako ta kira ni. Na ce mata ta daina irin wannan wasa, domin da safiyar nan na wuce uwarta tana share ƙofar gida, har ta tsokane ni wai motata ta fi ni tsufa. Sai na ji kukan Chikako. Har yanzu da nake wannan rubutu, zuciyata ba ta gama yarda ba.

Yaya, ki yi mini afuwa. Ya kamata in fara da yabonki, amma abin da ya tokare mini ƙirji shi ne har yau ba mu kai ki makwancinki ba. A wurinmu nan Okinawa, ranar da aka yi jana'iza ranar ake buɗe kabarin dangi a saka ƙasusuwan mamaci kusa da nasa, bayan an ƙona gawar. Ke kuwa ga tulun ƙasusuwanki can a ɗakin Chikako, naɗe da farin ƙyalle. Mijinki yana kwance a kabarin dangi da ke cikin sansanin sojan Amurka, inda tsohon ƙauyenmu yake kafin a kewaye shi da waya, kuma ƙofa a rufe take.

Manya a Tokyo da Washington suna cewa wannan ƙawance shi ke tsare mu daga maƙwabtan da ke ƙetaren teku. Wataƙila haka ne, ni direba ne, ban isa in yi musu da ministoci ba. Abin da na sani shi ne, duk zaman da suke yi da juna babu wanda ya taɓa tayar da zancen kakata da kabarinta ke bayan rumbun makamansu. Ke ce kike tayar da shi. Tun kina budurwa kina yi musu tafinta kika ɗauki wannan nauyi na sa su buɗe mana ƙofa mu isa kaburburanmu, ba wanda ya naɗa ki, ba wanda ya biya ki.

Kowane kwamanda yakan yi 'yan shekarunsa ya tafi, a kawo sabo wanda bai san komai ba, ke kuma ki sake farawa daga tushe. Ba kya zuwa musu da ƙorafi. Akwatin abinci kike ɗauka ki zauna a ofishin mutum, kuma tambayarki ta farko ba ta canzawa: ina aka binne mahaifiyarka? Idan tana raye, ki tambayi kakarsa. Daga nan ki ja shi har gaban kabari, ki miƙa masa lauje ki ce ya taya ki yanke ciyawa. Da idona na ga wani jibgegen kwamanda a durƙushe, gumi ya jiƙe masa riga, kina tsaye a kansa kina faɗa masa ya bar gefen can bai yanke ba.

Ina tuna shekarar da wani hafsa ya haye rufin kabarinmu da takalminsa don ya hango teku. Jinina ya tafasa, na yunƙura zan finciko shi. Kika riƙe mini hannu kika ce, “Seikichi, zauna. In ka jefo shi, wa zai buɗe mana baɗi?” Kika je kika gaya masa a hankali cewa kan kakata yake tsaye. Ya sauko jiki a sanyaye, ya cire hula. Da muka zauna a gaban kabarin cin abinci tare da magabata kamar yadda ake yi, kika cika masa faranti. Ni da haushi bai sake ni ba na ce ai bai cancanta ba. Kika ce, “Kai ma ba cancanta ta sa nake ba ka ba, kwaɗayinka nake tausayi.”

Ba kowa ya gode miki ba. Akwai waɗanda suka kira ki 'yar koren Amurkawa, alhali kuwa ranar zanga-zangar ƙarar jirage kina sahun gaba da hularki ta kaba. Kin ce mutum yana iya yi wa maƙwabci tsawa da safe ya kai masa miya da rana, tunda dai bai tashi ba.

Bana an kawo sabon kwamanda, ga kuma zaman ɗar-ɗar a teku, ana atisayen haɗin gwiwa, aka hana farar hula shiga sai yadda hali ya yi. Kin ce mu kwantar da hankali, za ki gan shi kafin lokacin ziyarar kaburbura ya wuce. Kifin nan da awarar nan dominsa kika saya.

Ranar jana'izarki, da muka fito daga wurin ƙona gawa, sai muka jera motoci muka nufi ƙofar sansani kamar kullum. Wallahi ba wanda ya yi tunani, har ni da ke gaba. Shekara da shekaru muna isa mu tarar an buɗe, ba mu taɓa tambayar yadda ake yi ba, domin a wurinmu tambayar babba wanda zai gaje shi tamkar yi masa fatan mutuwa ne. Mai gadin sabon zuwa ne, daga wani tsibiri. Ya gaishe mu da ladabi, ya shiga ya buga waya, ya daɗe. Da ya dawo ya rusuna ya ce, “Baba, ku yi haƙuri. Sun ce in dai maganar kabari ce, ku nemi wata Madam Sueko, ita ke shirya wannan da su.”

 Chikako ta fito daga mota, ta ɗaga tulun da hannu biyu, ta ce, “Ga ta nan.”

Mai gadin ya dubi tulun. Ya sake komawa wurin waya, muka tsaya a rana har tsofaffi suka fara jiri. A ƙarshe aka ce za a neme mu. Muka juya da ke gida, kuma har yau wayar ba ta yi ƙara ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Chikako, da ɗan'uwanta Morio da ya taso daga Osaka, da dukan zuriyar Nakandakari, da mutanen ƙauyenmu, na waje da na cikin waya. Allah ya ba mu haƙurin da ke kike da shi mu ba mu koya ba. Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya sa can inda kika nufa ba a tsayar da ke a ƙofa ba. Mu dai a nan mun kasa shigar da ke.