Jirgin Baba Sito da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Duk wanda ya ce ya ci dabino a gidan Baba Sito, ku ce ya buɗe baki. In haƙoransa sun cika, ƙarya yake, bai ci ba.

Na zauna a Fot Sudan, na yi ciniki da Yarbanci a Ikko, na yi rigima da Faransanci a Injamena, na sha shayin Bombai. Amma mutumin da ke zaune a Madina, lambunan Ƙuba na kallonsa, ya ƙi sa sabon dabino a baki, wannan sai shi kaɗai.

Ku da kuka tarar da shi da furfura ba ku san mafarin abin ba. Sunansa Mamman, mutumin Yawuri. Ƙarfinsa duk ya ƙare shi a sojan ruwa a Ikko, amma ko ɓera bai taɓa harbi ba. Aikinsa sito: shinkafa, igiya, fenti, bargo, ruwan sha. Jirgi ba ya tashi sai ya ce kaya sun cika. Wata rana a tsakiyar teku kukunsu Isiyaku ya rasu, aka naɗe shi a tamfol, aka ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, aka zura shi cikin ruwa. Mamman ne ya fito da tamfol ɗin daga sito da hannunsa. Tun ranar ya yi wa kansa alkawari: shi busasshiyar ƙasa zai kwanta, kuma ta Baƙi'a, maƙabartar Madina. Da ya tuɓe kaki a shekarun saba'in ya yi hajji, ya wuce Madina, ya kama wani tsohon gida a bakin kwarin Aƙiƙ. Bai ƙara kwana a wajen garin ba, don kada ajali ya tarar da shi a wani wuri.

Kakin kawai ya tuɓe, siton yana nan a kansa. Ɗakin da ya fi kyau a gidan ya cika shi da buhuna, da ganguna, da igiya a nannaɗe kamar macizai. Dokarsa ɗaya ce: abin da ya riga shiga shi ke riga fita. Idan lokacin ruɗab ya zo, wato nunannen dabino sabon tsinka mai narkewa a baki, sai ya sayo, ya shanya, ya kai can ƙurya, ya jawo tsoho gaba.

Ranar da ya fara miƙo mini faranti na ce, "Mamman, wannan dabino ne ko tsakuwar jifan Shaiɗan?"

"Ci, Malam Ilu. Na bara waccan ne. In mun gama shi mu shiga na bara."

"Na bana fa?"

"Na bana yana layi."

Sai matarsa Hajiya Kande ta yi magana daga bayan labule: "Malam, duk dabinon da na ci a gidan nan ya girmi autata."

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano, mai kunya, ya zo ziyara na kai shi gaisuwa. Ya daure ya gatsa, sai muka ji ƙas! Haƙorin Makka da ya sa makon jiya ya maƙale a jikin dabinon. Baba Sito ya ɗauka, ya juya shi a haske, ya girgiza kai. "Alhaji, an cuce ka. Kaya irin wannan ba zan karɓe shi a sitona ba."

Ga kuma ɗaure-ɗaure. Rediyo a ɗaure, buta a ɗaure, tukwane a ɗaure jikin bango. Kafin a ajiye tiren shayi sai an shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, wai kada ya zame in gida ya yi tangaɗi. Maƙwabcinsa Usman mai walda, Bahaushen Sudan, rabin maganarsa Larabci, yakan yi ta fama da shi: "Ya shaikh, wallahi ma fi bahar! Babu teku a nan, duwatsu ne da rana!"

Sai Baba Sito ya nuna busasshen kwarin Aƙiƙ da haɓa, ya ce, "Ruwa ba ya sallama."

Wannan karin maganar nasa har yaran unguwa sun haddace.

To, a kan wannan ne ya sa Usman ya haɗa masa jirgi a saman soro. Ganguna a jere an yi musu walda, katako a kai, da akwatin guzuri cike da dabinon da kuka sani. Ya yi masa fenti toka-toka irin na jiragen yaƙi. Na hau na gani, sai na tarar da wata doguwar igiya mai kaurin hannu, bakinta ɗaya a jirgin, ɗaya a gindin bishiyar dabinon tsakar gida.

Na ce, "Na ga jiragen Larabawa, na ga kwale-kwalen Kwara, amma ban taɓa ganin jirgin da aka ɗaure kamar tunkiyar layya ba. Ina za shi haka?"

"Ba ya zuwa ko'ina. Aikinsa ke nan."

"To mene ne amfaninsa?"

"Malam Ilu, duk yawonka ba ka da lissafi. In ambaliya ta zo ta kwashe ni, ina za ta kai ni? Wajen Madina! Ni kuwa ina nan. In tashi sama da ruwan, in sauka da shi, a inda nake."

Ai kuwa wata shekara aka yi ruwa a kan duwatsu, da hantsi sai ga kwarin Aƙiƙ ya taho, jajir, yana ruri. Kun san mutanen Madina: ruwa ya zo, biki ya zo. Kowa ya fito da tabarma da filas ɗin shayi, ana kallo ana salati. Ni ma na taho kallo, sai na ji usur daga gidan Baba Sito. Ga shi a saman soro, rigar ceto mai ruwan lemo a kan farar jallabiya, fuska kamar ango.

"Kowa wurin aikinsa! Usman, kama gaba! Malam Ilu, baya! Hajiya, rufe sito!"

Hajiya ta ce, "Alhaji, ruwan fa ko bakin titi bai iso ba."

"Ana shiri ne kafin ya iso!"

Muka ciccibi jirgi, muka nufi matakala. Jama'a, jirgi ya fi ƙofa faɗi. Muka karkata shi, ya ƙi. Muka miƙar da shi tsaye, ya murƙushe mini yatsa. Usman ya ce, "Ya Hajj, na faɗa maka tun farko a auna bab ɗin nan!"

"Umurni na ba ka, ba shawara na nema ba. A zura shi ta katanga!"

Aka tara maƙwabta, har da wasu ɗaliban jami'a 'yan Najeriya da suka naɗe hannun riga. Ja, saki, tsaya, wayyo ƙafata! Aka yi azahar, aka koma. Kafin jirgi ya taɓa ƙasa la'asar ta yi, ruwa ya janye, sai taɓo da tsofaffin takalma. Ga jirgin yaƙi zaune a kan busasshen yashi a ƙofar gida, a ɗaure, mutane suna tahowa da shayinsu, sun bar kallon kwari sun dawo kallonmu.

Baba Sito ya zagaya shi, ya ja igiyar, ya ji ta da ƙarfi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. An fita lafiya, an dawo lafiya, ba a rasa kowa ba."

Hajiya ta mayar da jirgin akurkin tantabaru. Har ya bar duniya yana kiransu ma'aikatan jirgi.

Da ciwo ya kama shi, likita ya ce gara a kai shi babban asibiti a Jidda. Muka samo mota, muka yi layi muna lallashi. Na ce, "Mamman, kwana kaɗan ne, ka dawo da ƙafarka."

Ya buɗe ido ɗaya. "Jidda? Bakin teku? Shekara da shekaru ina gudunsa, yanzu ku kai masa ni a mota? Malam Ilu, in ka sa ni a motar nan ban yafe maka dabinona da ka ci ba."

"Ai ni ya kamata in yafe maka shi!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Muka sallami direba.

Ya cika ranar wata Juma'a da safe, a ɗakinsa. Hajiya ta ba ni mabuɗin sito in ɗauko likkafani, don yana ajiye su kamar yadda yake ajiye komai. Duk shekara yakan sayi sabo ya kai ƙurya, in wani baƙo marar kowa ya rasu a unguwa ya fito da tsohon ya bayar. Na duba ko'ina, tsofaffin duk sun tafi da masu rabo. Saura ɗaya, fari fat, ko ninkin kanti bai warware ba. Na kawo, Hajiya ta shafa shi, tana kuka tana murmushi. Ta ce, "Yau dai Alhaji zai sa sabon abu."

Aka yi masa salla a Harami bayan Juma'a, muka kai shi Baƙi'a. Na sa hannu na taɓa ƙasar kabarin, busasshiya ƙarau.

Allah Ka ji ƙan Mamman, Ka sa guzurin da ya tura gaba ya ishe shi. Ka ji ƙan Isiyaku a inda yake kwance, Ka tashe su tare cikin maƙwabtan Manzo, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mu da ke layi, Ka sa mu cika da imani.