Mutawakkil da Marubuta Biyar na Barkiya

Duk Dutsin-Ma babu wanda ya kai Malam Mutawakkil rashin yarda da mutane. In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga kai ya dubi rana tukuna kafin ya amsa. Haifaffen Karofi ne, ɗan manoman wake, amma noma bai karɓe shi ba, don tun yana ƙarami yake bin shukar da aka yi jiya yana tonawa, wai ya ga ko da gaske an sa iri. Da mahaifinsa ya gaji, sai ya kawo shi gari koyon gyaran injin ban-ruwa. A nan halinsa ya sami wurin zama. Manomin rani ya ɗauko inji daga bakin madatsar ruwan Zobe yana rantsuwa cewa haka kawai ya mutu, shi kuwa ya kwance shi, ya tara yashi a tafin hannu ya miƙa wa mutum gaban hanci, yana murmushin nan nasa mai ƙona rai.

Abu ɗaya yake so tsakani da Allah, shi ne labari. In babu aiki a shago, za ka same shi ya jingina da tsohon inji yana karatu a waya, leɓe na motsi. Abin da ke ba shi haushi shi ne yadda labari ke yawo daga wannan guruf na waya zuwa wancan, an goge sunan mai shi an sa na wani. Saboda haka ya dage da kallon bidiyon koyarwa, ya dami masu shagon kwamfuta na wajen jami'a da tambaya har suka fara ɓuya in sun hango babur ɗinsa, ya kuwa buɗe shafinsa na intanet. Ya sa masa suna Rumfar Zobe. Kowa na iya yin rajista ya sa labarinsa, masu karatu su yi sharhi.

A yi masa adalci, ya iya gyara. Ya rage wa shafin nauyi yadda ko da guntuwar data zai buɗe. Ya ƙara girman rubutu saboda masu ciwon ido. Amma yawancin gyare-gyarensa zargi ne ya haife su. Ya hana kwafar rubutu, mutane suka koma ɗaukar hoton allon waya. Ya sa maɓallin ƙuri'a don a zaɓi gwarzon labari kowane wata, sannan ya zauna yana gadin masu dannawa. Matarsa Larai ta ce shafin nan ya fi shagonsa yawan kwaɗon kulle ƙofa.

Masu riƙe da Rumfar kuwa mata ne biyar da suka yi rajista daga Barkiya, can ƙasar Kurfi. Labaransu na rijiya ne da sussuka da rigimar biki, amma in sun saki sabo har daga Kano da Maraɗi ake shigowa karantawa. Wadda ta fi su hannu ita ce Mubina. Tana da wani dogon labari na san huɗa da ba ya taka ƙafa a gona sai an yi masa waƙa, kuma duk wanda ya fara shi sai ya dawo neman ci gaba. In ba don su ba, Rumfar ba ta wuce Mutawakkil da wasu ɗalibai masu waƙar soyayya da ba wanda ke karantawa sai su.

Wata rana ya kawo sabon tsari. Ya ce shi zai ba da layin farko, kowa ya ƙarasa labarin yadda ya ga dama. Ya rubuta: "Malam Audi ya ɗaure jakinsa a gindin marke ya shiga kasuwa, da ya fito bai tarar da jakin ba."

Labarai suka yi ta shigowa, kowa da Malam Audinsa. Da ya buɗe na Mubina sai ya ga ta fara da: "Mai Sunan Baba ya ɗaure jakinsa a gindin marke." Ya ɗaure fuska, ya buɗe na Hawwa'u, ɗaya daga cikin biyar ɗin. Mai Sunan Baba. Na uku, na huɗu, na biyar, duk Mai Sunan Baba, babu inda Audi ya fito ko sau ɗaya.

Ya ajiye sufana, ya goge hannu da tsumma, ya shiga ɓangaren shafin da mai shi kaɗai ke gani. Abin da ya tarar ya sa har wani daɗi ya ji. Dukkan biyar ɗin da waya ɗaya suke shiga. Labaransu a jere suke zuwa, wannan na bin wannan. Ƙuri'a kuma junansu suke jefa wa.

Ko da ya koma gida cin tuwon rana, tun daga ƙofa ya fara. "Larai, na kama shi."

"Wa kuma ka kama yau, Malam?"

"Matan nan na Barkiya. Mutum ɗaya ne. Ƙila ma wani ƙato ne mai gemu yake zaune yana yi mana muryar mata."

Larai ta ci gaba da kwasar tuwo. "Ka tambaye su?"

"In tambaye shi ya ce mini me? E, ni ne?"

"To ƙaton nan ya iya sussuka ƙwarai. Ni dai na karanta."

Bai saurare ta ba. Kafin la'asar ya toshe su duka, ya liƙa sanarwa a saman shafi da manyan baƙaƙe cewa an gano wani mayaudari mai fuska biyar, ya jera sunayensu, na Mubina a farko.

Da farko ya yi ta yawo yana ba da labarin yadda ya yi kamun. Sai sharhi ya fara shigowa. Ina ci gaban labarin san huɗa? Wa ya ce a kore su? Ko mutum ɗaya ne mu a dawo mana da shi. Daga nan sharhin ma ya ɗauke. Ya buɗe shafi da safe, babu kowa. Ya buɗe da azahar, sai wani ɗalibi ya sa waƙar da ta fara da "ya ke tauraruwata". Mutawakkil ya san in aka ƙara tafiya a haka, Rumfar Zobe ta rushe, kuma shi ya cire mata ginshiƙi da hannunsa. Sai dai bai yarda ya yi kuskure ba. Cewa ya yi ƙaton ne ya zuga masu karatu.

Ana haka saƙon murya ya shigo masa. Mace ce, muryarta a natse. "Salamu alaikum, Malam. Sunana Hawwa'u. Mu biyar ne, ba ɗaya ba. Ga su nan za su gaishe ka." Aka ji motsin waya, muryoyi huɗu suka gaisa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe kuwa sallama kawai ta yi, a taƙaice. Hawwa'u ta ƙara da cewa, "Gidanmu ba ɓoyayye ba ne. Kowa ka tambaya a Barkiya gida mai babban zaure kusa da rijiya, zai nuna maka."

Ya kunna saƙon ya sake kunnawa har Larai ta haddace shi. "To na yarda mace ce," in ji shi. "Amma ji wannan ta uku. Hanci ta toshe."

"Malam, ka zuba mai a babur mu je. Kai ba za ka shiga gidan mutane ba, ni zan shiga. In ƙato na tarar, zan kwala ihu."

Da hantsi suka kama hanyar Kurfi, daga can suka ratsa ta hanyar daji, babur na tsalle, Larai na salati. Gidan bai yi wuyar samu ba. Larai ta yi sallama ta shige ciki, shi kuwa ya tsaya a zaure, inda wani dattijo ke zaune kan buzu yana tufkar igiya. Suka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi damina. Aka kawo fura a ƙwarya. Mutawakkil ya ɗan juya ludayi yana leƙen ciki kafin ya sha.

"Daga ina baƙon namu?" in ji dattijon.

"Daga Dutsin-Ma, Baba. Mutawakkil sunana, mai gyaran inji."

"Madalla. Ni ne Audi, mai gidan nan."

Mutawakkil ya ɗago kai daga ƙwaryar. "Audi, Baba?"

"Haka aka raɗa mani. Amma a cikin gidan nan ba ka jin shi. 'Ya'yana maza biyar duk nan suke da iyalansu, muna noma tare. Matansu kuwa ɗiyan mutunci ne. Ko jikan da aka sa wa sunana, Mai Sunan Baba suke ce mashi."

Mutawakkil ya ajiye ludayi a hankali. Shi da ya girma a Karofi, shi da uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan surukinta ba, a ce wannan ya wuce shi. Ya zauna gaban waya yana ƙirga alamu, bai tuna cewa matar kirki ba ta faɗar sunan uban mijinta, balle ta rubuta shi duniya ta karanta, har ta ce jakinsa ya ɓace.

"To mi ke tahe da kai?" Malam Audi ya tambaya. "Injinmu lahiya lau yake."

Dole ya yi bayani. Ya faɗi shafi, ya faɗi gasa, ya tsallake zancen fuska biyar. Dattijon ya ce ai ya san suna wani rubutu, yana jin dariyarsu bayan azahar, kuma mazansu sun sani. Amma yana so ya ji layin nan da aka ba su. Mutawakkil ya karanta masa, murya ƙasa-ƙasa.

Malam Audi ya daina tufka. "Wa ya hwaɗa maka?"

"Me, Baba?"

"Zancen jakina. A kasuwar Kurfi aka kwance shi, tun kana goye. Kuma ba marke ba ne, tsamiya ce. Wa ya ba ka labari?"

"Wallahi Baba ƙirƙira na yi. Sunan ne kawai ya zo mini, jakin ma haka."

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Uhm." Dattijon ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai ɗan wane ne a Karofi? Don wanda muke zato a lokacin, ta can ya bi."

Mutawakkil ya yi rantsuwa, ya ƙara wata, ya faɗi sunan ubansa da na kakansa da unguwarsu. Duk abin da ya faɗa, Malam Audi sai ya ce uhm, ya ja igiyarsa. Ga gaskiya a bakinsa, ga ba yadda zai yi ya fito da ita a tafin hannu. Gumi ya jiƙa masa riga kafin Allah ya kawo Larai.

Sai da suka bar gari ta fara magana a bayan babur. Mata biyar ne cif, facaloli, kowa da ɗakinta. Wayar ta Hawwa'u ce, ita ce babba, a cikin kwano take ajiye ta. Kowa ta rubuta nata in ta sami sarari ta miƙa wa ta gaba. Sabis ba ya kamawa sai a bayan rumbu, don haka in an yi caji Hawwa'u ke tsayawa can ta tura duka a jere. Ƙuri'a kuma, in ba su jefa wa juna ba, wa za su jefa wa, mai tauraruwa?

"Wadda ka ce ta toshe hanci, mura take yi," in ji Larai.

"Mubina fa?"

"Tana nan, siririya, ba ta da yawan magana. Ta ce a faɗa maka, wanda ya ce ita ba ita ba ce, me zai yi da labarinta? Ƙannenta na Katsina sun ga sunanta a saman shafi, an ce mata mayaudariya."

Suna isa Dutsin-Ma ya shiga shafin.

Ya buɗe su duka. Ya cire sanarwar, ya sa ta ban-haƙuri, wadda sai da Larai ta sa ya sake ta, don ta farko cewa ya yi "an sami ɗan saɓani". Ya gyara rajista yadda mutanen gida ɗaya za su iya shiga da waya ɗaya ba tare da jan layin tuhuma ya fito a kansu ba. A gasa kuma ya daina sa suna, ya bar gurbi kowa ya sa wanda bakinsa zai iya faɗa. Huɗu suka dawo, masu karatu suka fara lallaɓowa. Mubina ba ta dawo ba. Ya aika gaisuwa ta bakin Hawwa'u, aka ce tana amsawa, shi ke nan.

Bayan an yi girbi sai ga wata sabuwa ta yi rajista da suna Baƙuwa. Labarinta na farko na wata tsohuwa ne da ke hira da tukunyar ruwanta. Mutawakkil ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya shigo gida yana taku a hankali.

"Larai, in kin kira Hawwa'u, ki ɗan bugi cikinta mana, mu ji ko Baƙuwar nan Mubina ce."

"Ba ni ba, Malam. Ga ɓangarenka can na leƙe, ka shiga ka duba."

Ya fito da waya, ya kai yatsa kan wurin, ya tsaya. In ita ce, ta san an leƙa ta, ta tafi ke nan. In ba ita ba ce, ya ƙara korar wata da zarginsa. Ya janye yatsa, ya saki labarin a shafi.

Kafin ya koma shago har sharhi ya taru. Mubina, ke ce? Wallahi hannunta ne. A'a, wannan 'yar Kurfi ce cikin gari. Mutawakkil ya bi su ɗaya-ɗaya ya goge, sannan ya ƙara sabuwar doka a saman Rumfar Zobe: ba a tambayar marubuci ko shi wane ne, wanda ya matsa za a toshe shi. Yanzu in ka je shagonsa ka ce ai Baƙuwar nan Mubina ce, sai ya ce maka shi ba ruwansa da bin diddigin mutane. Amma ka ɗan jima, za ka ga ya buɗe labarinta yana bi layi-layi, ido a ƙanƙance.