Gayyar da Hambali Ya Kira

Ranar Talata muka binne Malam Hambali. Tun daga ranar nake jin mutanen garinmu suna yabonsa a zaman makoki, har da waɗanda suka yi shekaru ba sa amsa sallamarsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake karatuna bai wuce elemantare ba. Abokina ne tun muna kiwon awaki, kuma ba zan zuba ido a gyara labarinsa ba.

A Tsamiyar Dada aka haife mu, wani ɗan ƙauye kusa da Kangire. Shi tela ne, kekensa na rumfar kasuwar Birnin Kudu. Da soja suka miƙa mulki a 1979, mu muka matsa masa ya tsaya takara, muka tura shi majalisar jiha a Kano.

Bai iya dogon Turanci ba, amma bai iya shiru ba. Ya yi magana a kan malaman ƙauye da ke kwana a zauren dagaci, ya ce a gina musu gidaje. Ya nemi a kafa injin matsar gyaɗa a ƙasarmu don samari su rage tafiya ci-rani. Ya nemi rijiyoyi har can wajen Gwaram. Wasu an yi, da yawa ba a yi ba. Idan ya dawo ranar Juma'a yakan ce mini, "Sabo, yau ma na yi musu surutu har shugaban majalisa ya gaji da ni."

Sai maganar makaranta ta zo. Firamare ɗaya aka ba mazaɓarsa, aka ce ya faɗi inda za a gina ta. Kowa a garinmu ya ɗauka zance ya ƙare, ai ɗa ba ya tsallake gidansu. Ɗanbala, sarkin nomanmu, har fili ya sa aka share.

Hambali ya kai ta tsallaken rafi, wajen Sundimina, inda Fulani suka zauna suna noma da kiwo. Ya tara mu a ƙofar masallaci ya ce, "'Ya'yanmu suna taka ƙafa su je ta Kangire. Nasu kuwa, da ruwa ya sauka rafi ya raba su da karatu sai kaka."

Ɗanbala ya ce, "To Onarabul, shanu ne suka zaɓe ka?"

Aka yi dariya. Daga ranar aka juya masa baya. A zaɓen 1983 ko akwatin garinmu bai ci ba.

Ya dawo gida ba mota, ba bene, sai keken ɗinkinsa da gonar gado. Da damina ta yi, ciyawa ta fi ƙarfinsa, ya kira gayya. Kun san yadda take: wanda ya taɓa zuwa taka, dole ka je tasa. Hambali kuwa babu gonar da bai sunkuya a cikinta ba a garin nan, har yana majalisa yakan tuɓe babbar riga ya karɓi fartanya. Ya bi gida-gida da goro, kowa ya karɓa. Matarsa Barira ta sa aka yanka ɗan akuya, ta tuƙa tuwo, ta dama fura a manyan ƙore.

Hantsi ya yi, daga ni sai shi sai mai gangar noma. Mai ganga ya kaɗa, ya kaɗa, ya gaji ya zauna a gindin ɗorawa. Can sai ga Ɗanbala a kan keke, ya rage gudu ya ce, "Sannu da aiki, Onarabul! Ina 'yan makarantar taka? Ko rafi ya cika?"

Na ɗaga fartanya, wallahi da na jefe shi. Hambali ya riƙe hannuna. Na ce masa, "Ka aika wa mutanen tsallake mana, ai gudu za su yi su zo." Ya ce, "A'a. In na kira su, ta zama biyan makaranta. Nawa na kira, Sabo, su nake jira."

Ya jira su har azahar, yana noma yana waiwayen hanya. Tuwon nan Barira ta raba wa yaran maƙwabta tana kuka. Bai sake kiran gayya ba, amma duk wanda ya kawo masa goron tasa sai ya je. A tsaya masa nesa, ya nome kunyarsa shi kaɗai ya dawo. Na sha ce masa ya bari, yakan ce, "Wata shekarar za su huce."

Ba su huce ba sai ranar Talata. Ana sanar da rasuwarsa suka fito kwansu da kwarkwata, kowa da fartanya da diga, Ɗanbala a gaba, suna rige-rigen haƙa kabari. Gayyar da ya kira ke nan, ranar suka amsa ta. Na tsaya ina kallon fartanyun nan.

Ɗanbala ya miƙo mini hannu ya ce, "Sai haƙuri, Malam Sabo, mun yi rashin mutumin kirki." Na ce, "Da ka faɗa masa a gona."

Hambali ya yafe muku tun yana da rai, ni shaida ne. Ni dai ban kai shi ba. Allah ya ji ƙanka, abokina, ya sa ka huta.