Ƙarfin da Bai Dawo Ba

Jiya 'yata tana bitar karatunta na jami'a, na ji ta ce a ƙwayoyin jikinmu akwai ƙananan abubuwa masu samar da ƙarfi, maitokondiriya, da sinadaran da ke gyara su in sun wahala. In tsufa ya zo, gyaran yakan yi rauni.

Sai na tuna Kawu a gonarmu ta Lajawa. Ya dafa ƙugu, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Ɗana, ko na huta, ƙarfin ba ya dawowa."

Na ce, "Kawu, raki dai! Kunyoyi biyu suka rage."

Ya sunkuya ya ƙarasa su. Bai kai girbi ba.

Allah Ya ba shi hutun da na hana shi.