Ranar da Maigidana Ya Goya Surukarsa a Babur

Ko da tsufa zai kwashe min komai a kai, ranar da maigidana ya goya mahaifiyata a babur ba za ta fita ba. Shekarar da aka yi tsananin wahalar fetur ce, muna haya a unguwar Hashimi, shi yana zuwa aiki Abuja.

Mutumin nan yana ji da sarƙar babur ɗinsa fiye da yadda yake ji da cikinsa. Duk Asabar sai ya wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mata baƙin mai, sannan ya ƙwala min kira in zo in hau. Wai nauyin mutum yana ƙara wa sarƙa tauri, don haka sai da mutum a sama ake gane ko ta yi daidai. Ni ce ma'auninsa, ni kuwa a lokacin kamar tsinken tsintsiya nake.

Sai ga Inna ta zo daga Katsina ganin zamanmu. Ita dama tun ana neman aurena take cewa yaron nan yana da rawar kai, shi kuma labari ya kai masa, ya ci alwashin ba za ta koma da wannan magana ba. Kunyar surukai kuwa ta sa ko gaisuwa daga bayan labule suke yi.

Ranar komawarta aka nemi tasi aka rasa. Dole ya kai ta tasha da kansa, ni in biyo su da kaya a babur ɗin maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa ɗan kudu. Kafin mu tashi, mijina ya ɗora ni ya gwada sarƙa kamar kullum, sannan ya ƙara murɗa sifana.

Na ce, "Malam, ba ta yi tauri ba?"

"Bar ta. Ba na son ta yi ƙarau-ƙarau a gaban Inna."

Ya manta cewa Inna, Allah Ya ji ƙanta, ta yi ukuna. Tana zama sarƙar ta fara kuka. Maƙwabcinmu ya ce, "Madam, wannan cen yana kuka fa, e no go reach," wato sarƙar ba za ta kai tasha ba. Mijina ma ya ji, don na ga gumi ya jiƙa masa ƙeya. To amma da wane baki zai ce wa surukarsa ta sauka? Ai ya ce mata ta yi nauyi kenan.

A kan wani hawa ta tsinke. Babur ya yi ta gurnani a banza, ya fara komawa da baya, sai da Inna ta dire ƙafafu ta tare shi. Mijina ya durƙusa kan sarƙar, ya kasa ɗaga kai. Wallahi tausayinsa ya kama ni, ga dariya tana cina.

Inna ta gyara mayafi, ta dube shi ido da ido a karon farko.

"Ɗan nan, tun daga ƙofar gida nake jin kukanta. Na yi shiru ne don kada ka ce na raina maka babur."

"Ni ma na ji, Inna."

"To ashe mu biyu muka tsinke ta. Tashi, ɗana, mu tura."

Mota ta tafi ta bar ta, ta ƙara mako a wurinmu, suna hira a tabarma ɗaya. Ranar na gane cewa kunya ma, in aka ja ta da yawa, sai ta bar mutum a tsakiyar hanya.