Kailani Mai Zuƙar Fetur

Ƙanen kakana Kailani bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya yi jimar fata, ya yi dako a tashar jirgin ƙasa, duk ya bari. Da motocin ɗaukar auduga suka fara shigowa Zariya, sai ya samu aiki wurin wani Bature mai mota biyu, ya kama ɗaki a Tudun Wada.

Aikinsa zuba mai. A sa tiyo cikin duro, ya ja da baki har fetur ya taho, ya yi maza ya tura bakin tiyon cikin tanki. Kalma ɗaya ya koya a Turanci, suck, domin ita Baturen ke faɗa masa kowace safiya. Da na shiga sakandare na tarar da ita a littafi: jariri a nono, mai shan rake, duk ita ce. Shi a wurinsa fetur take nufi, ba wani abu ba.

Da azumi ya zo hankalinsa ya tashi. Komai saurinsa sai mai ya taɓa maƙogwaro. Ya je wurin malamin unguwa, aka ce in bai haɗiye ba azuminsa na nan. Ya taka har cikin birni, wani ya ce tururin ma ya isa ya karya. Ya dawo yana zagaya tsakar gida yana tofar da yawu.

Matarsa Zinariya ta ce, "Malam, ko dai ka haɗiye ko ba ka haɗiye ba. Maƙoshinka ne."

"To ai shi ne ban sani ba."

"Ni na sani. Bakinka wari kamar fitila."

Ya roƙi George direba, Kirista, ya karɓe shi na watan. George ya ja sau ɗaya, ya kwankwaɗi mai, ya yini yana amai, ya ce, "Kailani, azuminka ne, ba nawa ba."

Barin aikin bai yiwu ba, ga yara. Sai ya ci gaba da ja yana azuminsa, bayan salla kuma ya rama watan duka. Haka ya yi kowace shekara har ya tsufa. Ni na san shi a rame, yana tari, bai jin ɗanɗanon gishiri. Babu malamin da ya ce ya rama. Shi ya ɗora wa kansa.